Daren da aka ce in cire hula a tsakiyar teku

Tun shekaranjiya da na sa wancan tsohon hoton namu ni da uwargida a kan matakalar jirgin ruwa, tambayoyi biyu suka cika min akwatin saƙo. Ta farko: kai da kake ma'aikacin gwamnati, ina ka samu kuɗin? Ta biyu: me ya sa duk mutanen da ke bayanku suna cikin baƙin kwat, kai kaɗai ka yi shigar ɗaurin aure?

Ta farkon amsarta gajeriya ce, masu shirin rubuta takardar ƙorafi su huta. Ƙanina likita ne a Ingila, shekararsa tara a can, shi ya biya kuɗin jirgin ruwan. Tikitin jirgin sama kuwa adashin ofis ne na shekara biyu, ni na ɗauki kwasar ƙarshe. Ta biyun ce ke da labari, kuma na daɗe ina son in rubuta shi, sai wannan makon da aka fito mana da sabuwar takardar umarni kan sutura a wurin aiki abin ya dawo min sabo. Ku yi haƙuri, rubutun yana da ɗan tsawo.

A ƙarshen watan Yuni na 2024 ne, bayan Babbar Salla. Tafiyar kwana bakwai daga Southampton a kudancin Ingila zuwa Norway, a tsaya a Stavanger da Bergen da wasu ƙananan garuruwa da ke cikin mashigan tekun nan da suka ratsa tsakanin duwatsu. Irin jiragen nan ba na zuwa wani wuri ba ne, na shaƙatawa ne, inda ka hau nan za a dawo a sauke ka. Namu yana ɗauke da fasinja sama da dubu uku, ma'aikata sama da dubu. Unguwa ce sukutum ake ja a kan ruwa, da shaguna da asibiti da gidan kallo da wuraren cin abinci sun fi goma.

Wata guda kafin tafiya ƙanina ya turo min takardar ƙa'idojin jirgin, ya ce, "Yaya, ka duba wajen maganar sutura." Na duba. Da rana kowa ya sa abin da ya ga dama. Amma daga ƙarfe shida na yamma doka ta fara aiki: ba a shiga babban ɗakin cin abinci da gajeren wando, ko singileti, ko silifas, ko kayan iyo, ko hular hana-salla. Sannan a cikin kwana bakwai ɗin akwai dare biyu na musamman da suke kira daren baƙin naktaye. A waɗannan dararen namiji sai da taksido, wato baƙin kwat ɗin nan mai sheƙi a wuya da ake haɗawa da ɗan ƙaramin naktaye mai kama da malam-buɗe-littafi, ko kuwa kwat mai duhu da naktaye na sosai. Mace kuma doguwar rigar biki. Wanda bai shirya wa wannan ba, ba za a bar shi da yunwa ba, sai dai ya hau can sama wurin ɗebi-da-kanka ya ci. A layin ƙarshe aka rubuta cewa an yarda da kayan sarki na soja da kuma cikakkiyar suturar gargajiya ta ƙasar mutum.

Na karanta wannan layin na ƙarshe sau uku, amma ban yarda da shi ba. Ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: zuciyata ce ta ce min wannan layin ba don irina aka rubuta shi ba. Na ce ai an ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Na shiga Sabon Gari na sayi kwat baƙi wuluk a kan kuɗin da ya fi mafi ƙarancin albashi, ni da rabona da kwat tun ranar da na kare kundin digirina. Na ninke shi a akwati na ce an gama. Uwargida ba ta ce komai ba. Ashe ta rage nata kayan daga cikin kilo 23 ɗin da aka ba ta, ta shimfiɗa babbar rigata ta Salla a ƙasan akwatinta, da 'yar ciki da wando da hular zanna da ta cusa wa safa don kada ta lanƙwashe.

Daren farko na baƙin naktaye ya faɗo a rana ta biyu, ranar da jirgi ba ya tsayawa ko'ina, ruwa ne gaba ruwa ne baya. Wajen ƙarfe biyar na sa kwat na tsaya gaban madubi. Kai jama'a. Hannun ya rufe min yatsu, kafaɗa ta yi tsini, naktaye ya shaƙe ni. Na yi kama da ɗan tallar inshora da aka kora jiya. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wallahi ba da ni ba. In haka za ka fita, ka je kai kaɗai, ni a kawo min shayi nan." Ta jawo akwati ta fito da rigar.

A ɗakunan jirgi ba a barin dutsen guga, saboda ba abin da masu jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara. Sai da na nemi ɗakin wanki na fasinjoji a wani hawa, na shiga layi bayan tsofaffin Turawa mata uku, na shimfiɗa shadda yadi goma a kan ɗan teburin gugar da aka yi don rigar shat. Ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni cikin ladabi ko labulen ɗakinmu ne ya samu matsala. Na ce a'a Hajiya, rigata ce. Ita ta riƙe min gefe ɗaya har na gama.

Muka sauko ƙarfe takwas da kwata, don ana cin abincin dare ne zama biyu, na shida da rabi da na takwas da rabi, mu na biyun aka sa mu. Wurin ya cika maƙil, masu hoto sun kafa fitilu a kowace kwana, ana ta kiɗan fiyano. A gabanmu a layi akwai wani dattijo ɗan Scotland da ya ɗaura irin siket ɗin nan nasu na maza mai zane-zane, gwiwoyinsa a waje, aka gaishe shi ya wuce. Na ce a raina to alhamdu lillahi, in wannan ya shiga ni ma na shiga.

Da muka iso ƙofa, wani saurayi ma'aikacin wurin, ɗan ƙasar Filifin, bai fi shekara ashirin da huɗu ba, ya matso kusa da ni ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Yallaɓai, barka da yamma. Don Allah hular." Ban gane ba. Na ɗauka yabonta yake, har na ce na gode. Ya sake cewa, yana nuna kansa da yatsa, ba a shiga da hula.

Ban san yadda zan bayyana muku abin da na ji ba. Shekarata ashirin da ɗaya ina aikin gwamnati, na zauna gaban kwamishinoni, na shiga fadar sarakuna, ban taɓa jin an ce min cire hula ba sai wajen binciken filin jirgi da wajen hoton fasfo. Wani zafi ya taso min daga ƙirji zuwa kunnuwa. Mutum talatin a bayana sun yi shiru suna jira, kowa yana yi kamar ba ya kallo. Ƙanina, wanda ya tara nasa takaicin na shekara tara a asibitocin ƙasar mutane, tuni ya zabura: "Yaya, bar ni da shi." Matarsa ta riƙe masa hannu. Uwargida ta ce a hankali, "Malam, mu koma gefe tukuna."

Muka koma gefe. A wannan 'yar tsayuwar na auna abu biyu: in cire hular in riƙe ta a hannu in shiga da babbar riga kai a buɗe kamar wanda aka tuɓe wa rawani, ko in juya in hau sama in ci dankali da kifi tare da masu gajeren wando. Duka biyun ba wanda ya yi min. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne muryar nan da ta sa na sayi kwat ta dawo tana ce min, ai na gaya maka.

Ba a yi minti biyar ba shugaban masu hidimar ɗakin ya iso, wani Ba'indiye mai furfura daga Goa. Kallo ɗaya ya yi min ya gane. Ya ba da haƙuri har da dafa ƙirji, ya ce wannan suturar ƙasa ce, cikakkiya kuwa, kuskure ne. Da kansa ya kai mu teburinmu ya ja wa uwargida kujera. Magana ta ƙare ke nan a wurinsu. Ni kuwa miyar farko da aka kawo ban san ɗanɗanonta ba.

Teburin na mutum shida ne, mu huɗu da wasu miji da mata daga arewacin Ingila, duka sun haura saba'in. Da ganin taksidon mutumin da sarƙar matar na ɗauka wani tsohon alƙali ne ko mai kamfani. Ashe direban bas ne ya yi ritaya, ita kuma ta yi shekara talatin tana dafa wa 'yan firamare abinci. Ya ce min wannan taksidon ya saye shi shekara ashirin da suka wuce, kuma bai taɓa sa shi a doron ƙasa ba, a jirgi kaɗai. Duk shekara biyu suke tara kuɗi su yi irin wannan tafiyar. Matar ta ce ita duk rayuwarta a cikin rigar kicin da ragar gashi ta yi ta, tana ɗebo wa 'ya'yan mutane abinci. Wannan daren ne kaɗai take sa doguwar riga wani ya ja mata kujera ya tambaye ta me za ta ci. Shi ya sa in ta ga wani ya shigo da wandon jins yana taunar cingam sai ta ji kamar ya yi mata sata. Ta shafa aikin wuyan rigata ta tambayi kwana nawa aka yi ana ɗinkinsa.

Daga nan fushina ya fara samun kishiya. Domin kafin wannan hirar, na riga na yanke hukunci cewa duk wannan dokar sutura girman kan Bature ne da ragowar mulkin mallaka. Akwai wannan a ciki, ba na musu. Amma ba shi ke nan ba.

Ku duba inda abin ya samo asali. Kafin jirgin sama, jirgin ruwa ne hanya tsakanin Turai da Amurka. Kamfanin Cunard ya fara jigila a kan Atlantika tun 1840. Waɗannan jiragen an raba su aji-aji kamar jirgin ƙasa, kuma ba a haɗuwa. Daga wannan tashar ta Southampton da muka tashi Titanic ya tashi ranar 10 ga Afrilu, 1912. A can sama 'yan aji na ɗaya sai an busa musu ƙaho su je su sauya kaya, maza su sa kwat mai jela, mata su sa lu'ulu'u, kafin a zauna cin abincin dare. A can ƙasa 'yan aji na uku, talakawa masu ƙaura zuwa Amurka, suna ci da kayan da ke jikinsu. Da jirgin ya nitse ranar 15 ga wata, mutum wajen 1,500 suka mutu, kuma mutuwar ma ta bi aji: kusan kashi 60 cikin ɗari na 'yan aji na ɗaya sun tsira, 'yan aji na uku kuwa kusan kashi 25 ne. Garin Southampton kaɗai ya rasa mutum sama da 500, kusan duk ma'aikatan jirgin, masu zuba gawayi a tukunyar inji da masu kai abinci tebur. Saboda haka a wancan zamanin sutura shinge ce, tana nuna wanda ya isa da wanda bai isa ba.

Mu ma abin ya taɓa mu. Iyayenmu da suka je karatu Ingila kafin jirgin sama ya yi araha, da yawansu a jiragen Elder Dempster suka tafi daga Apapa zuwa Liverpool, tafiyar kusan mako biyu. Mafi shahara a cikinsu shi ne Aureol, wanda ya yi jigila tsakanin Apapa da Ingila daga 1951 har 1974, shi ma da ajin manya da na ƙanana. Wani tsohon malaminmu na sakandare, Allah Ya ji ƙansa, ya sha ba mu labarin cewa a wannan tafiyar ya koyi wane cokali ake fara ɗauka, ta hanyar satar kallon na kusa da shi. A lokacin dariya muke yi. A daren nan na kama kaina ina satar kallon direban bas.

To da jirage masu injin jet suka fara ƙetare Atlantika a 1958, cikin 'yan shekaru kasuwar jirgin ruwa ta mutu. Wa zai yi kwana biyar a ruwa alhali zai iya isa cikin awa bakwai? Sai kamfanonin suka sauya haja. Suka daina sayar da isa wani gari, suka koma sayar da zaman cikin jirgin kansa. Yawancinsu suka rushe aji-aji, suka ɗauki al'adun 'yan aji na ɗaya, da gaisawa da kyaftin da dogon tebur da shigar dare, suka sayar wa kowa da kowa. Wato direban bas ɗin nan, wanda da a 1912 ne yana can ƙasa ko ma yana zuba gawayi, yau shi ne a sama cikin taksido. Kowa a ɗakin nan kayan aro ya sa, har da su Turawan. Wani abin dariya ma, shi kansa taksidon da ake wa kallon ƙololuwar shiga a yau, da aka fito da shi a ƙarni na 19 kayan shan iska ne, na wanda ya gaji da kwat mai jela yana son ya sake a gida. Sunan ma daga wata unguwar masu kuɗi ce a jihar New York, Tuxedo Park. Da dattawan wancan lokacin za su leƙo ɗakinmu, cewa za su yi yaran zamani sun lalace.

Kada kuma mu manta da kasuwanci. A daren ne masu hoto ke cin kasuwarsu, wurin gyaran gashi ya cika, shagunan turare da sarƙa su yi ciniki. Wannan hoton da kuke ta yabawa, fam ashirin da biyar uwargida ta sa ƙanina ya biya, lokacin fam ɗaya ya doshi naira dubu biyu. Ku yi lissafin da kanku, ni har yau ban yarda na yi ba.

Yanzu a tsakaninsu ma rigima ake. Tun shekarar 2000 kamfanin Norwegian ya fito da tsarin kowa ya ci lokacin da yake so, da kayan da yake so, ba tilas. Kamfanoni da yawa, musamman na Amurka, suka sassauta, daren ado ya zama ganin dama. Cunard kuwa ya riƙe nasa gam, har yau a jirginsu Queen Mary 2 da ke zirga-zirga tsakanin Southampton da New York akwai dararen da sai da cikakkiyar shiga, kuma har yau irin ɗakin kwanan da ka biya shi ke nuna ɗakin cin abincin da za ka zauna. Ɓangare ɗaya na cewa kuɗina na biya, hutu na zo, ba wanda zai shaƙe min wuya. Ɗaya ɓangaren na cewa ni ma kuɗina na biya, kuma abin da na saya shi ne ɗakin da kowa ya yi ado, in ka shigo da singileti ka rage min kayana. Ni dai a wannan musun ina bayan tsohuwar nan mai dafa abinci. Jirgi mai wuraren cin abinci goma, in aka keɓe ɗaya na dare biyu aka ce a yi ado, ba a zalunci kowa ba. Mu da muke aiko da anko wata uku kafin biki, muke hana wanda ba shi da kati shiga wurin dina, ba mu da bakin cewa Bature ya cika fi'ili.

Inda matsalar take shi ne hula, kuma sai da na kwana na gane ta. A al'adarsu namiji yana cire hula in ya shiga ɗaki, ko coci, ko in zai zauna cin abinci. Barinta a kai rashin kunya ne. Mu kuwa yaro ya je gaishe da surukansa kai ba hula, ai sai a yi wata guda ana maganarsa. Mu takalmi muke tuɓewa a ƙofar manya, mu bar hula. Su hula suke tuɓewa, su bar takalmi, kuma da na shiga ɗakin nan ba takalmi don girmamawa, da an kira min likitan jirgi. Saurayin nan yana neman in girmama ɗakin ne, ni kuma hular ita ce girmamawar da na zo da ita.

Washegari bayan mun dawo daga yawo a Stavanger, Ba'indiyen nan ya same ni ya ƙara ba da haƙuri, ya kuma gaya min abin da ban sani ba. Yaron makonsa uku ke nan da fara aiki, kwantiraginsa na farko. A daren da ya gabata ya bar wani ya shiga da hana-salla, wasu fasinjoji suka kai ƙara, aka yi masa faɗa, aka nuna masa allon ƙofa inda aka rubuta ba a shiga da hula. Allon bai ce wace irin hula ba. Layin suturar ƙasa yana cikin takardar da aka turo mana mu fasinjoji, ba ya kan allon da aka ba shi ya tsare.

Wallahi a nan jikina ya yi sanyi, domin wannan aikina ne. Sau nawa aka turo min umarni daga sama mai layi biyu, wanda ya rubuta shi yana cikin ofis mai sanyi bai taɓa tunanin irin mutanen da za su tsaya a gabana ba? In na sassauta a ba ni takardar neman ba'asi, in na tsananta a zage ni a rediyo. Kuma sau nawa ni kaina na ce wa masinja ya gaya wa wani saurayi ya koma ya sauya wando kafin ya shigo wurina, ban tambayi daga ina ya taso ba, ko nawa ya kashe a mota?

Ma'aikatan jiragen nan yawancinsu daga Filifin da Indiya da Indonesiya suke. Suna yin wata shida zuwa tara a ruwa ba ranar hutu ko ɗaya, suna kwana a ƙananan ɗakuna can ƙasa inda ba taga. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 abin da ta tanadar musu shi ne hutun aƙalla awa 10 a cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Ku cire wannan daga awannin mako ku ga abin da ya rage na aiki. Su ne kuma doka ta fi matsa wa a kan sutura: mu dare biyu aka ce mu yi ado, su kullum cikin farar riga da naktaye da takalmi mai sheƙi, ɗauke da faranti goma a kafaɗa jirgi yana tangaɗi. Aji-ajin da aka ce an rushe yana nan, ya koma tsakanin mai zama da mai tsayuwa.

A ƙarshen tafiya ana ba kowane fasinja takardar jin ra'ayi, kuma sunan ma'aikaci in ya fito a ciki, da yabo ko da suka, yana iya shafar ko za a sake kiransa aiki. Ƙanina ya riga ya rubuta sunan yaron daga bajon ƙirjinsa tun a daren. Ya ce, "Yaya, in ba a rubuta ba gobe wani za su yi wa. Shirun nan namu shi ya sa suke raina mu." Ban ce ba shi da gaskiya ba, don shi ke zaune da su, ya san abin da ya gani. Mun yi musu sosai a kan wannan a saman jirgi, a daren da muka bar Bergen, ƙarfe goma sha ɗaya saura rana ba ta gama faɗuwa ba, muna jiran magariba kamar masu jiran albashi. Na ce masa a rubuta, amma a rubuta allon, kada a rubuta yaron. Ya ce ai allo ba ya jin zafi. Na ce shi ya sa. Daga ƙarshe girma ya ci, ya yaga 'yar takardar da sunan yake, amma har muka rabu a filin jirgi bai gamsu ba, kuma na san zai karanta wannan ya zo ya faɗi nasa a ƙasa. Bisimilla, Dokta.

Abin da na rubuta musu layi huɗu ne: cewa allon ƙofa ya faɗi irin hular da ake nufi, a ƙara masa layin suturar ƙasa da ta addini, a kuma nuna wa sababbin ma'aikata hotuna, don wanda ya taso a Filifin ba shi da dalilin sanin bambancin zanna da hana-salla, kamar yadda ni ma ban san sunan rigar bikinsu ba sai da na tambaye shi. Barong suke ce mata, ba a sa mata naktaye, ba a kuma cusa ta a wando. Ya ce da ita aka ɗaura auren yayansa. Ko sun gyara allon, Allah masani, amsar da suka turo min irin wadda kwamfuta ke tura wa kowa ce.

Wani abu da na tuna ina ninke rigar: ita wannan shaddar da na tsaya kai da fata a kanta a matsayin suturar ƙasata, a Austriya aka saƙa ta, a masaƙar Getzner. A Kano aka yi mata aiki, hular kuma ɗinkin Barno ce. Kwat ɗin da na saya don in yi kama da Bature kuwa, da na duba wuyansa, daga Chaina yake. Na kuma tuna hotunan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Amurka a watan Yuli na 1961, yana tsaye kusa da Shugaba Kennedy cikin babbar riga. Shekara sittin da uku bayan haka, ni da digirina na shiga kasuwa neman kwat saboda tsoron ƙofar ɗakin cin abinci. Wannan ba yaron Filifin ne ya yi min ba.

Dare na biyu na baƙin naktaye na sake sa rigar, wannan karon da farar hula. Shi ne dai a ƙofa. Ya gan ni tun daga nesa, fuskarsa ta sauya, ya rasa inda zai sa idonsa. Na miƙa masa hannu muka gaisa, na tambaye shi ya aiki. Ya ce, "Lafiya lau yallaɓai, tebur na arba'in da biyu, bari in raka ku." Direban bas da matarsa sun riga mu zama, ta ajiye wa uwargida kujerar kusa da ita.

Ita kuma takardar umarnin da aka fito mana da ita a ofis wannan makon, layi uku ce, ta ce kowa ya zo cikin shiga ta mutunci, ba ta faɗi mece ce shigar mutuncin ba. An miƙa wa masu gadin ƙofa su tabbatar. Gobe in Allah Ya kai mu zan je in ga wanda ya sa mata hannu.

Kwat ɗin yana nan rataye cikin ledarsa, sau ɗaya aka gwada shi. Duk mai ɗan da zai je intabiyu, dogo mai dogayen hannuwa, ya yi min magana.